Wai ya sunan foyil da Hausa?

Ƙanwata ce ta janyo wannan rubutun, kuma har yanzu bata san ta janyo ba. Tana tsaye riƙe da dogon kwalin nan na foyil, fallen alminiyam ɗin nan mai ƙyalli da ake naɗe abinci dashi, ta ja falle ɗaya ta yaga a bakin haƙoran kwalin, abun ya yi ƙarar nan tasa mai ƙaras-ƙaras, sai kawai ta juyo tace "Yaya, wai ya sunan wannan abun da Hausa?" Na buɗe baki zan bata amsa sai naji wayam. Nace foyil. Tace ai wannan Turanci ne. Nace to ledar ƙarfe. Ta kwashe da dariya tace ita ledar ma ai Turanci ce, kuma wallahi ta fi ni gaskiya, don leda daga kalmar Turawa ta fata aka ɗauko ta dukda babu ko ɗigon fata a jikinta. Ta tafi abinta ta barni da kwali a hannu.

Sai na juya bayan kwalin, irin wanda ake yi don a kai ƙasashe da yawa ne, an jera sunan da harsuna daban-daban da ƙananan baƙaƙe: aluminium foil, Alufolie, papier d'aluminium, papel de aluminio. Ni kuma ina da wata cuta, in na ga kalma sai na bi ta har gidan kakanninta, ko da hakan zai ci min dare guda. Abun da na fara lura dashi shine kusan babu harshen da ya zauna ya ƙirƙiro ma abun nan suna nasa na kansa. Kowa aro ya yi daga wani abu da ya riga ya sani, wasu suka ce ganye ne, wasu suka ce takarda ce, wasu suka ce azurfa ce, wasu ma har gobe suna kiransa da sunan ƙarfen da aka daina yinsa dashi tun kafin a haifi kakanninsu.

Mu fara da foyil ɗin kansa. Ganye ne, shikenan. Da Latin ganye shine folium, daga nan ya gangaro tsohon Faransanci, wanda yau suke cewa feuille, Ingilishi kuma suka are shi tun wajen ƙarni na 14, lokacin da ba'a ma san akwai wani ƙarfe wai shi alminiyam ba, ganyen zinare da na azurfa suke nufi. Jamusawa suka ce Folie, 'yan Poland suka ce folia, Rashawa suka ce folga, Turkawa suka ce folyo, duk jikokin mutum ɗaya ne. Harda kalmar nan fotfoliyo da muke ji a labarai in ana maganar minista, asalinta Italiyanci ne, portafoglio, wato abun ɗaukar ganyayyakin takarda, jaka kenan. Girkawa nasu ganyen phyllon ne, ɗan uwan folium, shine a wutsiyar kulorofil da aka sa mu haddace a makaranta. Akwai kuma wani foil a Turanci mai ma'anar wargaza shiri, kaman a ce an daƙile yunƙurin juyin mulki, to wannan ba ɗan gidan bane sam, daga wata kalmar Faransanci ce mai nufin tattakewa, rubutu ne kawai ya haɗa su.

Amma wata ma'anar ta burge ni. Masu sana'ar duwatsu masu daraja a da suna shimfiɗa ɗan fallen ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashin dutse kafin su dasa shi a zobe, don haske ya dawo ta cikinsa ya ƙara ƙyalli. Daga nan ne masu nazarin adabin Ingilishi suke kiran wani ɗan wasa a labari da foil, wato wanda aka ajiye kusa da jarumi don halin jarumin ya ƙara fitowa, kaman a haɗa mai haƙuri da mai zafin rai. Shi ba don kansa aka kawo shi ba, don a ga wani ne.

Mutanen Sifen kuma sai suka yi wani abu da duk Bahaushe zai gane nan take. Nasu ganyen hoja ne, kuma daga folia ɗin nan dai ya fito, kawai su a tarihinsu f ɗin farkon kalma ya riƙa komawa h, shi yasa ferrum na ƙarfe ya zama hierro, filius na ɗa ya zama hijo. Can Japan ma da suka ari foil sai ya zama hoiru, arumi hoiru suke cewa, Koriya suka ce hoil. Da na karanta wannan dariya na yi ni kaɗai, don mu ma ai haka bakinmu yake, fuska da huska, fushi da hushi, fure da hure, ya danganta da karin harshen mai magana. In ka ji wani yace hoyil kar ka gyara masa, yana da 'yan uwa miliyoyi a Tokiyo.

Inda abun ya fara shigowa gida shine wajen Larabci. Waraƙ ganye ne, ganyen bishiya, kuma shine takarda, kuma in Balarabe zai ce foyil a rubuce yakan ce waraƙ na alminiyam. Mu ma muna da ita, warƙa, duk wanda ya yi karatun littattafai gaban malami ya san ana cewa warƙa kaza, shafi kaza. Wannan kalmar ta yi tafiya ba kaɗan ba. A Turkanci varak shine ganyen zinaren da ake manna wa a rufin masallatai da gefen littattafai. A Farisanci akwai zarwaraƙ, zar zinare, waraƙ ganye, kuma yanzu har takardar nan mai ƙyalli ta naɗe kaya suna kiranta haka dukda babu zinare a ciki. A Indiya da Pakistan kuma warƙ ne ko vark, ganyen azurfa da ake bugawa har ya zama kaman numfashi, su ɗora shi kan kayan zaƙi a cinye dashi. To ga wani abu kuma: a Suratul Kahfi, aya ta 19, inda samarin nan suka farka suka ce a aiki ɗayansu birni da kuɗi, kalmar da ta zo itace wariƙ, kuma malaman tafsiri sun ce kuɗin azurfa ne. Baƙaƙe uku ɗaya, wawun da ra da ƙaf, ka sa fataha ka samu ganye, ka sa kisira ka samu azurfa. Tun fiye da shekara dubu kafin a yi injin murza foyil, ganye da azurfa suna zaune a tushe ɗaya a Larabci, ni dai wannan ya tsaya min a rai kwana biyu.

Indiyawa suna da wata ta daban ma, panni, wadda ta fito daga parna, ganye da Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Da can sunan fallen ƙarfe ne, yanzu in ka ce panni yawancin mutane ledar zuba kaya za su miƙo maka. Kenan su sun tashi daga ganye zuwa ƙarfe zuwa roba, mu mun tashi daga fata zuwa roba, kowa da hanyarsa amma an haɗu a leda.

Me yasa ganye? Sabida kafin zamanin injina ƙarfe ɗaya ne ake iya mayarwa fale-fale haka da hannu cikin sauƙi, zinare, sai azurfa tana bin bayansa, kuma ba a naɗe suke zuwa ba kaman na kwalin ƙanwata, ɗai-ɗai suke, 'yan murabba'ai, ana jera su tsakanin takardu kaman littafi. Zinare baya gardama da guduma. Giram ɗaya tak za'a iya buga shi ya rufe wajen murabba'in mita ɗaya. Wani marubucin Rum, Pliny babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen Vesuvius, ya rubuta cewa daga oza ɗaya na zinare ana fitar da ganye 750 ko fiye, kowanne faɗin yatsa huɗu ta kowane gefe. Maƙeran Turai daga baya suna saka zinaren ne tsakanin wata irin fata da ake cirowa daga hanjin shanu, sabida bata yagewa komai duka, kuma wannan fatar dai ita Jamusawa suka riƙa liƙawa suna yin jakunkunan iskar gas na manyan jiragen balan-balan ɗin nan nasu na Zeppelin. Na san na kauce hanya amma ban iya wuce wannan ba.

Su Rumawan kansu fa ba folium suke ce ma ganyen zinare ba, suna da kalma ta musamman, bractea. Nan ne abun ya juya kai ƙasa. Masana tsirrai da suka zo daga baya suna neman sunan wani irin ganye da yake fitowa a gindin fure, sai suka ɗauki wannan kalmar ta maƙera suka liƙa masa. In ka san furen boganbiliya, wannan jan ko shunayyan da kake gani ba shine furen ba, furen ɗan ƙaramin farin nan ne a tsakiya, masu launin sune bractea. Wato a wani wuri ganye ya ba ƙarfe aron suna, a wani wurin kuma ƙarfe ya rama.

Sinawa basu bi ta ganye ba sam. Harafinsu shine 箔, suna karanta shi bo, kuma in ka duba samansa alamar gora ce, don asalin ma'anarsa labule ne da ake saƙawa da tsagin gora, irin asabari, harda faifan da ake kiwon tsutsar siliki a kai. Abu mai faɗi marar kauri dai, daga baya ya koma kan ƙarfe. Japanawa suka ɗauki harafin suna karanta shi haku, ganyen zinare kuma kinpaku, kuma kusan duk wanda ake yi a ƙasar daga gari ɗaya yake fitowa, Kanazawa, inda suke buga shi har kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita. Ka gwada da foyil na gida da yake wajen milimita 0.016, wanda shi ma yawancin gashin kai ya fi shi kauri, za ka ga sai an tara ganyen Kanazawa wajen 160 kafin su kamo falle ɗaya nasa. Irin wannan ba'a taɓa shi da yatsa, da 'yar matsefatar gora ake ɗaga shi, a hura masa iska a hankali ya kwanta. Suna ma da salon magana, haku ga tsuku, a zahiri ganyen zinare ya manne, ma'ana mutum ya samu ƙarin kwarjini, kaman wanda ya je ya yi karatu a wata babbar jami'a ya dawo ana masa wani kallo. Ni ina jin ɗan habaici a ciki, don ganye ne fa kawai a sama, itacen da ke ƙasa yana nan yanda yake.

Sai 'yan ɓangaren takarda, kuma sune suka fi yawa a bakin talakawa. Faransawa papier alu, mutanen Sifen papel de aluminio, Girkawa aluminoharto, Italiyawa carta stagnola, mutanen Indonesiya kertas timah. Dubi ukun ƙarshen nan da kyau, harto, carta, kertas. Duk daga kalmar Girkanci ce khartes, fallen papirus da ake rubutu a kai. Rumawa suka are ta suka ce charta. Larabawa suka are ta suka ce ƙirɗas, tana nan a Suratul An'am, daga Larabci kuma ta tafi Indonesiya ta zama kertas, ta tafi gabashin Afirka ta zama karatasi a Swahili. To mu fa? Cire ta ɗin farko daga takarda ka ga me ya rage. Karda. Masana harshe sun nuna daga bakin Buzaye muka karɓo ta, su kuma ta ɗin nan alamar tamata ce a harshensu, gangar jikin kalmar kuma charta ce ta Rumawa da ta shiga harsunan Berber tun zamanin da Rum ke mulkin arewacin Afirka, ta ratso Sahara. Daga baya da Turawa suka zo sai suka sake kawo mana 'yan uwanta ta bakin teku, kati da katan, don card da carton duk zuriyar charta ne. Kenan in ka ɗauki takarda ka saka kati a ciki ka jefa a katan, kalma ɗaya ka faɗa sau uku. Da na gaya ma ƙanwata wannan cewa ta yi "Yaya kai dai baka da aikin yi", kuma ban musa ba.

Yanzu batun kuza, wanda shine ya fi sa masu son gyara ma mutane magana surutu. A Turanci har yau mutane da yawa tin foil suke cewa, sai wani ya taso yace ai ba kuza bane alminiyam ne. Eh mun ji. Amma ba Turawan Ingila kaɗai bane. Stagnola ta Italiya daga stagno ce, kuza. Jamusawa suna da Stanniol, daga stannum na Latin, wanda shi yasa alamar kuza a teburin sinadarai take Sn. Sinawa a magana ta yau da kullum shi-jr suke cewa, takardar kuza. Timah ɗin Indonesiya kuza ne. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf mutum zai ce miƙo min ƙasdir, ko gasdir a lafazinsu, kuma ƙasdir kuza ne, kalmar ma 'yar uwar kassiteros ce ta Girkawa, wadda daga ita aka samo sunan dutsen da ake haƙo kuza a cikinsa. Duniya guda ta haɗu akan kuskure ɗaya, in ma kuskure ne. Dalili kuwa a fili yake, a ƙarni na 19 da kuza ɗin gaske ake yin abun, dashi ake naɗe kaya, dashi ake shafe bayan madubi a haɗe da zaiba, kuma a kan fallen kuza da aka naɗa jikin wani gungumen ƙarfe ne Thomas Edison ya fara ɗaukar muryar mutum ya sake saurare a 1877. Sai dai ya fi alminiyam tauri, kuma yana barin ɗan ɗanɗanon ƙarfe a jikin abun da aka naɗe.

Shi alminiyam baƙo ne na jiya-jiya. Dukda ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, baya zama shi kaɗai, kullum a ɗaure yake da wasu sinadarai, raba shi kuma aiki ne ja, sai a 1825 wani ɗan Denmark, Hans Christian Ørsted, ya iya fitar da ɗan kaɗan. Ya daɗe yana cikin kayan alfarma, har a 1884 da Amurkawa suka gama dogon ginin tunawa da Washington, ɗan tsinin da suka ɗora a ƙololuwarsa na alminiyam ne, don a lokacin abun nunawa ne. Sai a 1886 wasu samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa ba tare da sanin ɗayan ba, suka gano yanda za'a raba shi da wutar lantarki, kuma wani ikon Allah shekararsu ta haihuwa ɗaya, 1863, ta mutuwa ma ɗaya, 1914. Farashi ya faɗo warwas. A 1910 aka buɗe masana'antar murza foyil na alminiyam ta farko a Suwizalan, ta su Robert Victor Neher, a 1911 kamfanin Tobler na birnin Bern ya fara naɗe cakulan dashi, a hankali kuza ya tattara ya bar fagen. Amma ya bar sunansa a ƙofa, kaman gidan da mai shi ya tashi shekara hamsin ana nan ana kwatance dashi.

Kafin mu yi ma kowa dariya mu duba namu. Tukunyar dalma. Dalma fa wani ƙarfe ne daban, mai nauyi mai laushi mai guba, wanda ba mai hankalin da zai so ya yi girki a cikinsa, amma tukunyar alminiyam da aka narka aka zuba, dalma muke ce mata kuma kowa ya gane. Ƙamus zai baka sanholo ko goran ruwa a matsayin alminiyam, amma yaushe rabon da ka ji yaro ya faɗe su? Rikicin farin ƙarfe ma tsoho ne. Rumawan farko plumbum suke ce ma dalma da kuza duka, sai su bambanta da baƙi da fari, shi stannum ɗin ma da farko sunan wani gami ne na azurfa da dalma kafin ya koma kan kuza. Mutanen Malesiya da Indonesiya har yau haka suke yi, timah fari kuza, timah baƙi dalma. Larabci kuma rasas ne dalma, daga nan muka samo harsashi, wanda ko da me aka yi shi harsashi ne sunansa. Wanda ya fi bani mamaki shine zinariya, daga dinari ne na Larabawa, su kuma daga denarius na Rumawa, shi kuma denarius kuɗin azurfa ne. Sunan zinarenmu sunan kuɗin azurfar wasu ne. To wa zai ɗaga ma wani yatsa akan tin foil?

Masu cewa azurfa kuma su ido kawai suka bi. Holan zilverpapier, Denmark sølvpapir, Japan gingami, Koriya eunbakji, Sifen papel de plata, Ibrananci niyar kesef, duk takardar azurfa. Biyetnam ce ta fi ban dariya, giấy bạc, don kalmar ɗaya ce da takardar kuɗi, sabida a wajensu azurfa da kuɗi suna ɗaya ne kaman yanda argent yake a Faransanci da kesef a Ibrananci. Sai dai yanayin magana ya nuna maka ko kicin za'a shiga ko banki. Tamu azurfar ma ba 'yar gida bace, hanya ɗaya suka biyo da takarda, daga azref na Buzaye.

Waɗanda na ga sun ɗan yi ƙoƙarin kansu sune mutanen Cek da Sulobakiya, alobal suke cewa, al na alminiyam da obal mai nufin abun naɗi, gajere kuma ya faɗi aikin abun. A Sifen kuma da yawa papel Albal suke cewa, sunan wani kamfani ne ya cinye sunan kayan gaba ɗaya, irin yanda muke ce ma duk garin wanki Omo.

Da na gama wannan yawon sai na koma kan tambayar farko, na zauna ina jera abun da muke dashi. Akwai falle, wadda in ka ji ta kusa da folium sai ka ɗauka 'yan uwa ne, amma sauti ne kawai ya yi kama, kuma fallen ƙarfe zai iya zama kwanon rufi, ya yi faɗi da yawa. Warƙar azurfa tana da daɗi a kunne amma ta yi kama da sunan littafin waƙoƙi. Ganyen ƙarfe shine fassarar foyil kai tsaye, sai dai Bahaushe in yaji ganye hankalinsa kan bishiya yake, mu bamu saba ce ma takarda ganye ba kaman su. Ni dai in da za'a tambaye ni, takardar dalma zan zaɓa, dukda na san babu takarda babu dalma a ciki, sabida duk wanda ka faɗa ma ita karon farko zai gane me kake nufi ba sai ka yi nuni ba, kuma daidai take da carta stagnola da kertas timah, ƙaryar iri ɗaya ce. Amma fa na san ba a rubutun wani ake raɗa ma kalma suna ba, foyil ta riga ta zauna a baki, kuma da wuya ta tashi.

Na je na sami ƙanwata da wannan sakamakon, tana zaune tana goge wani ɗan guntun foyil da bayan farce akan gwiwarta har ya miƙe sumul, abun da kusan kowa ya taɓa yi ba tare da dalili ba. Nace takardar dalma. Ta maimaita sau biyu tana ɗanɗanawa, tace ba laifi, sannan ta juya guntun tace "To Yaya, me yasa gefe ɗaya ke ƙyalli ɗayan kuma dishi-dishi, wanne ne fuskar?" Wannan kam na sani. A murzar ƙarshe abun ya riga ya yi fale-fale da yawa, in aka tura shi shi kaɗai zai yage, sai a haɗa falle biyu a tura su tare tsakanin manyan ƙarafan murza masu santsi, gefen da ya taɓa ƙarfen ya fito da sheƙi, gefen da ya kwanta jikin ɗan uwansa ya fito dishi-dishi, bayan nan a raba su. Babu fuska babu baya, duk wanda ka sa a ciki aiki ɗaya zai yi. Ta gyaɗa kai, ta dunƙule guntun ya zama ɗan ƙwallo ta jefe ni dashi, tace in zan fita in taho mata da wani kwalin foyil ɗin, wannan ya kusa ƙarewa.